Gammon Baba Hamani

Aikin farko da Kawu Ila ya bar ni in yi da hannuna, ɓata shi na yi. Wani direban faba-faba, ƙaramar bas ɗin haya, ne ya tsaya bakin shago ya ce a yi masa gammo. Kawu yana tsakiyar cin shinkafa da wake, sai ya nuna ni da cokali ya ce, "Lawali, yi wa bawan Allah gammo." Ni kuwa gammon da na sani a duniya shi ne na ƴan talla, wanda ake ɗorawa a ka. Na zauna na naɗe soso daidai faɗin kan mutum, na lulluɓe shi da jar leda, har da ɗan ado na zare a gefe. Da direban ya dawo na miƙa masa da hannu biyu ina jiran yabo. Ya juya abin, ya sake juyawa, ya dube ni ya ce, "Yaro, a garinku da ka ake zama a tuƙa mato?" Kawu ya yi dariya har wake ya fito masa ta hanci. Ran nan na san cewa a sana'armu gammo matashin zama ne mai rami a tsakiya, wanda direba ke ɗorawa a kan kujera in mazauninsa ya fara yi masa gardama.

Da ku nake, ku da kuke wucewa ta gaban shagonmu a unguwar Lazare in an tashi ƴan makaranta daga lakwal kuna cewa, "Ɗan Soso, aikinku ai wasan yara ne, a yanka katifa a manna." Ban kai shekara ashirin ba, amma na tsufa cikin gyaran kujerun mato. Tun ban kai tsayin keken ɗinki ba Inna ta kawo ni wurin ƙanenta, ta ce ya koya mini aiki ko ya koya mini hankali, duk wanda ya samu. Hankalin dai har yanzu ana nema.

Ku fara da soso, tunda kun raina shi. Akwai fari mai laushi kamar burodin safe, wannan maƙaryaci ne, wata guda ƙarƙashin ƙaton direba ya koma takarda. Akwai shuɗi mai tauri, shi ne namijin. Akwai na gutsattsari da aka matse wuri guda, yana da ƙarko amma zama a kansa kamar zama a kan buhun goriba. Wuƙarmu tsohon zarto ce da Kawu ya cinye wa haƙora a dutse ya wasa, in ka yi gyangyaɗi a kanta sai ka koma gida da yatsu tara. Gam ɗinmu rawaya ne, in ka buɗe gwangwanin da rana tsaka ka shaƙa, kowane mutum da ya wuce sai ka gan shi da ɗan'uwansa. Akwai lanƙwasasshiyar allura ta ɗinkin lungu, wadda ta san ɗanɗanon jinina fiye da sauron unguwar Yantala. Ga keken ɗinki wanda ya girmi Kawu, in ya fara ƙara masu shayin tsallaken titi sai sun ɗaga murya.

Duk wannan ana koya. Abin da ke da wuya shi ne awo. Tela yana zagaya mutum da tef ya auna kafaɗa, ya auna ƙugu. Mu wurin da muke wa aiki ba a kai masa tef, in kana son ka kwana da haƙoranka. To ga yadda Kawu yake yi. Ana shimfiɗa farin soso a kan benci, a rufe shi da wani baƙin ƙyalle da aka shafa wa garin gawayi ta ƙasa. Sai a ce wa mutum ya zauna kamar yana cikin motarsa, ya kama sitiyarin iska, ya taka birki, ya juya kamar zai karɓi kuɗin fasinja a baya. In ya tashi aka ɗaga ƙyallen, ga hoton zamansa nan a kan soso. Inda ya danna ya yi baƙi, inda yake tsoron dannawa ya tsaya fari. Nan farin za a yi ramin.

Sai dokar gidan, wadda Kawu ya koya mini da ranƙwashi: ba a kiran sunan ciwo a shagon nan. Kowa ya san direba ba ya neman gammo don nishaɗi. Mutum ya yini zaune a kan leda cikin zafin Yamai, ga barkono, ga ƙarancin shan ruwa, basir ba ya neman izini. Amma a wurinmu kullum laifin kujera ne. Direba ya shigo yana tafiya kamar ya ari ƙafafun wani, Kawu ya ce, "Kai, kujerun zamani ba su da kirki." Direban ya ce, "Wallahi maigida, ba su da kirki." A yi awo, a gama, kowa ya tafi da mutuncinsa. Saboda wannan dokar ne direbobi ke tsallake shaguna huɗu su zo namu.

Baba Hamani tsohon direban taksi ne, Bazabarme, yana zaune a Yantala. Tun kafin a haife ni yake kawo wa Kawu aiki. Kawu Bagobiri ne, akwai wasan taubasai tsakaninsu, saboda haka ba su taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. In ya faka motarsa sai ya leƙo da sigari a baki ya ce, "Fofo! Ina bawan nan nawa?" Kawu ya ce, "Lawali, ɓoye abincin, yunwa ta shigo gari." Haka suke yi har a gama aikin, in an zo biya ma a yi ta zagi, amma ban taɓa ganin Baba Hamani ya kai kujerarsa wani wuri ba.

Gammonsa na farko ni na yanka. Hoton zamansa ya fito da ɗan fari a tsakiya, bai fi bakin kofin shayi ba, ya ɗan karkata hagu. Aikin kullum. Na yi ramin, na sassaƙe gefensa don kada ya yi kaifi, na sa shuɗin soso a ƙasa da ɗan fari a sama. Ya zauna ya lumshe ido ya ce, "Ila, yaron nan ba jininka ba ne, ya iya aiki."

Wannan ya faru gab da shekarar da aka rufe iyaka. Ku kuna tuna ta da ɗauke wuta da tsadar shinkafa, mu muna tuna ta da soso. Kaya suka daina shigowa, shuɗin soso ya zama kamar zinariya. Muka koma bin gidaje muna sayen tsofaffin katifu, mu wanke, mu shanya a kan rufin shago, mu yanke wurin da yara ba su yi wa ɓarna ba. Na rantse akwai katifar da na buɗe, kuɗin cizo suka fito a jere kamar ƴan fareti. Direbobi kuma suka daina gyaran kujera, kowa ya ninke kwali ya zauna. Akwai ranakun da ni da Kawu muke yini muna kallon titi, kekenmu shiru, har masu shayi suka zo tambaya ko lafiya.

Cikin wannan hali Baba Hamani ya dawo da gammonsa ya ce ya tsufa. Ni na san bai tsufa ba, aikina ne. Aka sake awo. Farin ya faɗaɗa, ya ƙara tafiya hagu, baƙin kuma duk ya taru a cinyar dama, alamar mutum yana tuƙi a karkace. Kawu ya daɗe yana kallon soson, sannan ya ce, "Kujerun zamani." Na yi na biyu da rami mafi faɗi. Damina ta wuce, ya dawo, na yi na uku. Kowanne ya fi na baya kyau, domin hannuna yana ƙara faɗawa, kuma kowanne in ya zauna a kai sai ya ce, "Yauwa, yanzu na samu lafiya," ya ja mato ya koma aiki.

Zuwansa na huɗu, da na karɓi tsohon gammon zan farke ledar don in ceci soson ciki, sai na ga ya lulluɓe shi da tsumma. Na cire tsumman. Gefen ramin ya yi baƙi ya bushe, ya ratsa ɗinki ya shiga soso har ƙasa. Ga wani wari da ba na gumi ba. Na saba ganin ɗigon jini a gammon direbobi, ba ya ba ni tsoro. Wannan ba ɗigo ba ne. Na kai wa Kawu bayan shago na nuna masa ban ce komai ba, wanda a wurina babban abin tarihi ne.

Kawu ya fito riƙe da gammon. Baba Hamani yana tsaye jingine da ƙofa, don ya daina zama in ba dole. Ya rame, wandonsa ya tattare a ƙugu.

"Hamani," in ji Kawu, "ba kujera ba ce."

Na kusa haɗiye allurar da ke bakina. Tunda nake ban taɓa jin an wanke kujera daga laifi a shagon nan ba.

"Kai bawa, yi mini aikina in tafi."

"Ba zan yi ba. Na yi maka uku. Basir yana zuwa yana tafiya, na ga na mutum ɗari. Naka tafiya ɗaya yake yi, gaba. Ka je likita."

"Na sha magani. Wani mai lasifika a Zongo ya ba ni na jiƙawa, ya ce saura kaɗan ya tsinke."

"Kai ne saura kaɗan ka tsinke. Dubi wuyanka kamar na zabo."

A ranar Majo Bitrus yana shagon. Ma'aikacin likita ne, mutumin Dogondutsi, gidansa na bayan namu, ya kawo matasan bencin cocinsu a sake musu leda, aikin da ya ciyar da mu a watan nan. Yana zaune a kan buhun gutsattsarin soso yana jira. Kawu ya juya ya ce, "Majo, don Allah faɗa wa wannan Bazabarmen, ni ba ya jin maganata."

Majo ya ce shi ba ya duba mutum a shagon soso. Amma ya yi tambaya a hankali: tun yaushe jinin, akwai wani ƙullutu, yana da tauri, ciwon yana barinsa barci? Baba Hamani yana amsawa da ka, yana kallon titi.

"Baba, ba kowane jinin dubura ne basir ba," in ji Majo. "Akwai wata ƙwayar cuta, mu a likita muna ce mata ash-pe-ve."

Na ce, "Majo, wannan ba sabon moton nan ne na ƴan China ba?"

Kawu ya jefe ni da guntun soso. Majo bai ko yi murmushi ba.

"Ita ce ke kawo wa mata sankarar bakin mahaifa, shi ya sa mutane suka ɗauka ta mata ce. Maza ma suna ɗauka. Yawancin manya sun taɓa ɗaukarta ba su sani ba, jiki ya kore ta da kansa. Wani irinta yana fid da ƴan tsiron nama. Wani irin ba ya nuna komai, sai ya kwanta shekara da shekaru, a wasu mutane ya juye ciwon daji. A namiji yana iya zama a dubura, ko a gaba, ko a maƙogwaro. Farkonsa kamar basir: jini, ƙaiƙayi, ƙullutu. Ban ce shi gare ka ba. Na ce a duba. In an kama shi da wuri ana warkewa."

"A ina ake ɗaukar ta?" in ji Baba Hamani.

"Wurin kwanciya. Fata da fata."

Sigarin ya faɗo daga bakinsa. Na yi tsalle na take shi, domin a shagon soso da gam wuta ba ta sallama.

"Wato me kake so ka ce da ni? Ni? Mai jikoki? A wurin nan, ta wurin kwanciya? Ila, ka tara mini mutane ne a kira ni da sunan da ba a kiran ɗan halak?"

"Na san abin da ka ji," in ji Majo. "Gaskiya ne masu wannan harka sun fi shiga haɗarin, haka masu sida, wato ƙanjamau, haka masu shan wannan abin da yaron ya take. Amma ƙwayar tana tashi daga gaba ta koma baya da kanta. Na ga dattawan da ba su san kowa ba sai matansu na aure, kuma ya same su. Ni ban tambaye ka komai ba. Lokotoro ma duba ka zai yi, ba shari'a ba."

"Ya duba da me?"

"Da safar hannu da yatsa. Da ƴar fitila. In ya ga abu ya ɗebi ɗan kaɗan a gwada."

Baba Hamani ya yi wata magana da Zabarmanci wadda ba zan rubuta ba, don Inna tana iya sa a karanta mata wannan. Sannan ya ce da Hausa, "In na shiga layin likita, kafin azahar duk tashar taksi ta ji. Wa zai sake shiga motata? Wa zai auri ƴaƴana?"

"Kala suru, yi haƙuri, Baba," in ji Majo. "Zo da safe ka same ni, in shigar da kai ta ƙofar ma'aikata. Ba wanda zai gan ka."

Baba Hamani ya juyo wurina. "Lawali, ɗana, kai ne mai hannu. Bar wannan tsohon. Yi mini a gida, ba wanda zai sani."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in yi. Wata guda ban ga kuɗin kaina ba, kuma na riga na tsara a raina yadda zan yi ramin ya fi na baya daɗi. Sai na dubi soson da ke hannun Kawu. Ni na yi uku ɗin nan, da kyau na yi su, kuma kyansu ne ya bar shi ya yi ta zama a kan abin fiye da shekara. Da aikina ya yi muni da tuni ciwo ya kore shi zuwa likita. Na ce, "Baba, in na yi Kawu zai mayar da ni soso."

Baba Hamani ya karɓi gammonsa mai jini, ya naɗe da tsumma, ya shiga mato a karkace. Bai ko ce bawa ba. Kawu ya bi shi har bakin titi yana cewa, "Hamani! Kai Hamani!" Mato ta tafi.

Da Majo zai tafi da matasansa ya tsaya ya ce mini akwai allurar rigakafin ƙwayar, ana yi wa yara kafin su girma, an fi yi wa mata amma tana amfanin maza. Na ce ni allura ta riga ta gama da ni a shagon nan, ba sauran wurin sokawa. Ya ce in na gama surutu in zo ya bincika mini inda ake samu.

Bayan kwana kaɗan muka ji labari wurin direbobi cewa wani shago a Zongo ya yi wa Baba Hamani gammo. Ban zarge su ba, shekarar ba ta bar kowa ya zaɓi aiki ba, kuma su ba su ga na farko da na biyu ba. Kawu ya je Yantala sau biyu, aka ce masa maigidan ba ya nan, alhali ga motarsa fake a ƙofar gida. In taksi ya rage gudu a gaban shagonmu Kawu sai ya ɗaga kai daga keke, ya sake sunkuyawa.

Tun daga ranar dokar gidan ta canza. Har yanzu laifin kujera ne a gammo na farko. Amma in mutum ya dawo neman na biyu da rami mafi faɗi, Kawu yana jan shi bayan shago ya tambaye shi, "Akwai jini? Tun yaushe?" In akwai, sai ya ce, "Je ka ga Majo, ka dawo in yi maka." Wasu suna zuwa. Wasu suna zagin uwar soso su tafi Zongo. Mun rasa direbobi da dama ta haka, waɗanda dā suke tsallake shaguna su zo don ba ma tambaya. Daga cikin waɗanda suka je, Majo ba ya faɗa mana sakamakon kowa, amma yawanci suna dawowa da kansu suna washe baki suna cewa basir ne, sai ka ce an ba su kujerar Makka.

To ku da kuke cewa a yanka a manna, ga wuƙa nan ga gam. Yankan zan koya muku cikin sati guda in kuna da yatsun asara. Ranar da za ku ƙi yankawa, ga mai kuɗi tsaye a gabanku kuma cikinku na kuka, wannan ni ma ban gama koya ba.

Baba Hamani ya yi wata da watanni a kan gammon Zongo. Sai da ya kasa zama ko kaɗan, bayan gida ma ya gagara, babban ɗansa ya ɗauko shi kwance a kujerar baya ya buga ƙofar Majo. Aka ɗebi naman aka gwada. Ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Aka yi masa gashin na'ura da ƙarin ruwan magani, bai isa ba, sai da aka yi masa aiki aka fitar masa da hanya ta gefen ciki, inda yake ɗaura ƴar jaka. Gonarsu ta ƙauye ta tafi a wurin magani. Lokotoro ya gaya wa ɗan cewa da an zo tun jinin farko, da wataƙila ba a kai ga wuƙa ba.

Yana raye. Ba ya tuƙi, ya bar sigari. Kawu yana zuwa Yantala ranar Juma'a, kuma yanzu ana buɗe masa ƙofa. Ya ce ran da ya fara shiga, Baba Hamani ya dube shi daga kan tabarma ya ce, "Wa ya bar bawan nan ya shigo da takalmi?" Maganar gammo ba su taɓa tayar da ita ba. Ɗan ne ke jan taksin. Watan jiya ya kawo ta a sake wa kujerar direba soso, domin ta lotse ta gefen dama, inda uban ya yi ta karkata. Ni na yi aikin, da shuɗin soso, ba rami.